Muhawara: sayen akwatin murjani na hannu ga wanda bai taɓa kiwon kifin teku ba

Nasiru, Hanwa:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawara a kan wani ciniki da ya taso mini ba shiri. Wani maƙwabcin yayana a nan Zariya zai tashi zuwa Abuja a ƙarshen watan nan, kuma yana son ya rabu da akwatin kifinsa na gilashi, irin na ruwan gishiri wanda ake rainon murjani mai rai a cikinsa. Tsawonsa santimita 120, yana cin ruwa kimanin lita 250, kuma a cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashinsa akwai wani ƙaramin akwati inda famfo da na'urar fitar da datti ta hanyar kumfa suke. Akwai kifi biyar, da duwatsu, da murjani kala-kala. Ya ce shekararsa shida da shi, shi ma a Legas ya saya daga hannun wani, kuma ya yi mini kuɗi naira 700,000 har da duk abin da ke ciki. Iyakar sanina da kiwon kifi shi ne guda biyu da na taɓa ajiyewa a kwalba ina makarantar sakandare, waɗanda ba su cika wata ba. Na ga abin da dare fitilarsa a kunne, kuma tun daga ranar ya tsaya mini a rai. Shin in saya?

Malam Isiyaku, Dakace:
Wa alaikumus salam, Nasiru. Ni shekarata goma sha ɗaya ina kiwon tarwada, kuma abin da na sani shi ne kifi ba ya son komai illa ruwa mai tsabta da abinci a kan lokaci. Idan kayan suna aiki, kuɗin bai yi yawa ba, domin sabo sai ya ninka haka. Gishiri kuwa ga shi nan buhu-buhu a kasuwar Sabon Gari, mu ma muna zuba wa tarwada idan ta yi rauni. Ka saya, sauran kuma a hankali za ka koya.

Dakta Rabi, Samaru:
Allah ya ƙara wa Malam Isiyaku lafiya, amma a nan zan saɓa masa, domin gishirin girki shi ne hanya mafi sauri ta kashe duk abin da ke cikin akwatin nan. Na yi shekara uku ina riƙe da irinsa lokacin da nake karatu a Malesiya, kuma darasin farko da na koya shi ne ruwan teku ya wuce a ce ruwa ne da gishiri kawai. Gishirin buhu kusan sinadari ɗaya ne, alhali murjani yana gina ƙashinsa da kalsiyam da kabonet da yake zuƙa daga ruwa, kuma yana bukatar maganiziyam domin waɗannan biyun su zauna a narke. Masu wannan kiwo suna riƙe kalsiyam tsakanin 400 da 450 a ma'aunin miligiram cikin lita, maganiziyam kuma wajen 1,300. Saboda haka sai an sayi gishiri na musamman da ake haɗawa a masana'anta, wanda a nan sai dai a aiko maka daga Legas ko Abuja.

Ga lissafin da nake so Nasiru ya yi kafin ya taɓa aljihunsa. Kowace lita tana cin giram 35 zuwa 40 na wannan gishiri. Ana canza kashi goma cikin ɗari na ruwan kowane mako, wato lita 25, wanda ya kama kusan kilo ɗaya na gishiri. A shekara ke nan kana neman kilo 50, bokiti biyu da ɗoriya na manyan da ake sayarwa. Ka tambayi farashin bokiti ɗaya da kuɗin kawo shi Zariya, sannan ka dawo mu ci gaba.

Murjanin kansa dabba ne, ko da yake ido yana ganinsa kamar fure ko dutse. A cikin jikinsa akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ne suke haɗa masa abinci da haske, su ne kuma suke ba shi yawancin launinsa. Idan zafi ya yi masa yawa sai ya kore su ya koma fari fat, daga nan kuma sai mutuwa idan ba a yi gaggawa ba.

Malam Isiyaku, Dakace:
To, Dakta, na karɓi gyara. Ashe murjanin da iyayenmu mata suke ratayawa a wuya asalinsa dabba ne. Tarwadata dai ko ruwan ya yi kore ba ruwanta.

Injiniya Bashir, Sabon Gari:
Nasiru ƙanena, bari in shigo ta ɓangaren da na sani, domin sana'ata haɗa sola da inbata ce, kuma maganar zafin da Dakta ta kawo a hannun wuta take. Tarwada tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska idan ruwa ya ɓaci, shi ya sa Malam Isiyaku yake barci da minshari ko an kwana ba wuta. Kifin teku ba shi da wannan baiwa. Idan famfo ya tsaya, iskar da ke cikin ruwan takan fara ƙarewa cikin 'yan sa'o'i, kuma ruwa mai ɗumi ya fi saurin rasa ta.

Mu ɗauka famfon da ke mayar da ruwa sama yana cin wat 30, na kaɗa ruwa 15, na'urar kumfa 15. Wat 60 ke nan dare da rana, kusan kilowat-awa ɗaya da rabi a kwana. Batir mai amfiya 200 da bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma idan irin na ruwa ne rabinsa kawai ya kamata ka ci in kana so ya yi ƙarko, don haka zai riƙe maka waɗannan ukun kamar awa 20. Wannan ba wani tashin hankali ba ne. Fitila mai wat 100 na awa tara ma sola za ta ɗauka, tunda da rana ake kunna ta. Inda gizo yake saƙar shi ne zafi da sanyi. Murjani yana son ruwa ya zauna tsakanin digiri 24 da 26, mu kuwa a watan Maris da Afrilu zafin Zariya yakan haura 35, ɗaki mai rufin kwano kuma ya riƙe zafin har tsakar dare. A Disamba da Janairu kuma, lokacin hunturu, dare yakan yi sanyin da sai ka kunna hita mai wat 200. Na'urar sanyaya ruwa tana cin wuta kamar firiji. Ka duba ko mai akwatin yana da ita, in ba shi da ita ka tambaye shi yadda ya yi bazara shida.

Alhaji Tukur, Kaduna:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma babu ƙarya a ciki, amma ina ganin ana tsorata yaron nan fiye da kima. Ni ɗan Kofar Doka ne, aiki ya ajiye ni a Kaduna, kuma shekara takwas ke nan ina da irin wannan akwati a falona. Sha'awar ta kama ni ne a Jidda, lokacin da na ga abin da ke ƙarƙashin Bahar Maliya ta cikin gilashi.

Abin da ba a faɗa ba shi ne, ga sabon shiga, akwatin da ya daɗe yana aiki ya fi sabo sauƙin riƙo. Dukiyar da ke cikinsa duwatsun nan ne, ba gilashi ba. A cikin ramukansu akwai ƙwayoyin halitta da suke mayar da amoniyar da ke fita daga kashin kifi zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret wanda dafinsa bai kai na farkon biyun ba. Wanda ya fara da busasshen dutse sai ya jira mako huɗu zuwa shida kafin ya saka kifi ko ɗaya, sannan ya sha fama da gansakuka na watanni. Dutse mai shekara shida ya wuce duk wannan. A gaɓar tekunmu kuma babu tsaunukan murjani, domin ruwan Neja da laka da yake kwararowa ba su barinsa ya kafu, don haka duk wanda ka gani a ƙasar nan daga waje asalinsa ya zo, yawanci daga Indonesiya ko Ostireliya, kuma masu ƙashin dutse daga cikinsu sai da takardar izini ta CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, ake ketare iyaka da su. Ga shi an kawo maka har Zariya, ya saba da akwati, ya rayu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Batun zafi kuwa, ni fanka ƙarama nake ɗorawa tana hura saman ruwa, tana sauke mini digiri biyu zuwa uku. Dabarar randa ce, ruwan da ke tashi sama shi yake tafiya da zafin, kuma busasshiyar iskarmu ta Arewa ta fi ta Legas taimakawa a nan.

Dakta Rabi, Samaru:
Ranka ya daɗe Alhaji, na yarda da maganar duwatsu ɗari bisa ɗari. Sai dai fankar da ka ambata ita ce ta kawo mu batun ruwa, wanda nake ganin ya fi gishiri wahala a garin nan. Ruwa ne yake tashi, gishiri yana nan, don haka kullum sai an cike gurbin da ruwa zalla marar gishiri, in ba haka ba gishirin ya yi ta ƙaruwa. Wannan ruwan kuma ba na rijiya ba ne, ba na burtsatse ba ne, ba na famfo mai kulorin ba ne. Duk abin da ke narke a cikinsu, ko naitiret ne ko fosfet ko ƙarfe, zai taru a akwatin tunda shi ba ya tashi. Ana bukatar na'urar tacewa ta RO, irin wadda wasu masu fiya wata suke amfani da ita, tare da matata ta ƙarshe da take sauke ma'aunin abin da ya narke zuwa sifili. Tana zubar da lita uku ko huɗu kafin ta ba ka ɗaya, kuma tana son matsin ruwa mai ƙarfi wanda tankin saman gidajenmu ba ya bayarwa, domin tsayin mita goma ne yake ba da matsi ɗaya a ma'aunin da ake kira "bar", ita kuwa tana son uku zuwa huɗu. Sai an haɗa mata ƙaramin famfon ƙara matsi.

Nasiru, gani ya kori ji. Ka koma gidan da rana, ka roƙe shi ya kashe shuɗiyar fitilar ya kunna fara, domin shuɗin haske yana ɓoye aibi yana ƙawata komai. Ka bi kusurwoyin gilashin da tocila kana duban silikon ɗin da ya haɗa su, musamman na ƙasa, ko akwai kumfar iska ko wurin da ya yi fari ya saki. Ka buɗe kabad ka danna katakon da yatsa. Ka sa ya cire kowane famfo daga soket ya mayar, ka ga ko yana tashi da kansa, tunda a nan kullum sai ya yi hakan. Ka dubi duwatsun ko akwai wata 'yar halitta mai ruwan ƙasa mai kama da ƙaramin giginya wadda take noƙewa idan an taɓa, sunanta Aiptasia, tana harbin murjani kuma tana yaɗuwa kamar ƙaiƙayi. Sannan ka dubi magungunan da yake ajiye da su.

Hajiya Larai, Gyallesu:
Ni ba ni da ilimin su Dakta, amma ɗana ya taɓa ajiye akwatin kifi na ruwan daɗi a falo, kuma abin da ya kashe su ba wuta ba ce, ba ruwa ba ne. Wata damina sauro ya dame mu, yarinyata ta rufe tagogi ta fesa magani da magariba kamar yadda muka saba, da safe muka tarar da su duka sun yi rigingine. Nasiru, ka zauna da matarka kafin ka zauna da mai akwatin. Ɗakin da za a ajiye shi ya rabu da maganin sauro na fesawa da na kunnawa har abada, kuma ban san yadda za ku yi da turaren wuta ba, domin babu matar da za ta yarda falonta ya zauna ba ƙamshi saboda kifi. Ga kuma yara. Jikana ya taɓa zuba musu kunu don ya ga sun yi masa kama da masu jin yunwa.

Dakta Rabi, Samaru:
Hajiya ta faɗi abin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba. Maganin sauro na fesawa dafi ne mai ƙarfi ga kifi da jatan lande, na'urar kumfa kuma iskar ɗakin take zuƙa tana cuɗawa da ruwan. Tunda an ambaci yara, in ƙara da cewa wasu murjani masu laushi, irin masu kama da maɓallai a jere, suna ɗauke da guba mai haɗari ga mutum. Ba a taɓa su da hannu mai rauni, ba a goge su da buroshi ido a buɗe, kuma ba a tafasa dutsen da suke kai, domin tururin kansa ya sha kai iyalai asibiti a wasu ƙasashe.

Nasiru, Hanwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na je jiya bayan la'asar, kuma ga abin da na gani. Da aka kunna farar fitila, rabin kyan da ya ɗauke mini hankali ya tafi, amma murjanin masu laushi suna nan a buɗe suna kaɗawa, sai guda biyu masu rassa da suka yi fari daga tushe. Famfo biyu sun tashi da kansu, na ukun sai da ya ɗan buga shi da yatsa. Na'urar RO tana nan, ya ce ya shekara bai canza matatunta ba. Ba shi da na'urar sanyaya ruwa, na'urar sanyaya ɗaki yake bari a kunne da janareta, abin da ni ba zan iya ba. Na ƙirga Aiptasia bakwai a dutse ɗaya.

Abu biyu ne suka tsaya mini. A kusurwar baya ta hagu, daga ƙasa, silikon ya yi fari kamar tsawon ɗan yatsa, akwai ƙananan kumfa a cikinsa, kuma daidai ƙarƙashin wurin katakon kabad ya kumbura, gishiri ya daskare a kai kamar kanwa. Da na danna, yatsana ya ɗan shiga. Na biyu, a cikin kwalin magungunansa na ga wata kwalba da aka rubuta tana ɗauke da jan ƙarfe, an sha kusan rabi. Na karanta cewa jan ƙarfe yana kashe murjani kuma yana maƙalewa a dutse.

Alhaji Tukur, Kaduna:
Kwalbar kada ta hana ka barci. Da a cikin babban akwatin ya zuba rabin kwalbar nan, da ba ka tarar da murjani ko ɗaya a buɗe ba, balle dodon koɗi. Alama ce ta cewa ya ware kifi marar lafiya a wani mazubi ya yi masa magani, wanda shi ne daidai. Ka dai tambaye shi wane bokiti da wace hita ya yi amfani da su, kada ka karɓe su ko kyauta.

Kusurwar nan kuwa ta sauya mini ra'ayi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Lita 250 na ruwa kilo 250 ne da 'yan kai, ka haɗa da dutse da yashi da gilashi ka haura kilo 300, a kan katakon da yatsa yake shiga. Akwatin da ya yi shekara shida a nan, ban da shekarun da ya yi a Legas waɗanda ba mu san adadinsu ba, idan aka ɗaga shi aka girgiza a mota, wurin da ya fara saki shi zai buɗe.

Malam Isiyaku, Dakace:
Ai masu gilashin taga suna nan birjik a Sabon Gari. A kai musu su shafa sabon silikon a wurin, aikin minti goma ne.

Injiniya Bashir, Sabon Gari:
Malam, ba zai yi ba. Sabon silikon ba ya kama tsohon da ya bushe, kuma wanda yake riƙe da nauyin shi ne siririn da ke tsakanin gilashi da gilashi, ba wanda ake gani a shafe daga ciki ba. Gyaran gaskiya sai an ɓalle gilasan an kankare tas an sake haɗawa. Ga shi kuma yawancin silikon na banɗaki da kicin yana da maganin hana fumfuna, wanda guba ne a cikin ruwan kifi. Idan za a yi wannan wahalar, gara a yanka sabon gilashi mai kauri milimita 10 ko 12 a haɗa da silikon na akwatin kifi, a sa mai walda ya yi masa teburin ƙarfe a shafe shi da fenti mai hana tsatsa, a cika shi da ruwan famfo a tsakar gida ya yi kwana uku ana dubawa.

Dakta Rabi, Samaru:
Ina tare da Injiniya. Shawarata ita ce a raba cinikin. Ka sayi fitila, da famfuna biyu masu lafiya, da na'urar kumfa, da RO, da ma'aunin gishiri, da duwatsun ban da mai Aiptasia. Yashin ka bar shi, domin yashi mai shekara shida idan aka tona shi yakan saki datti da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma ya isa ya kashe kifi a dare ɗaya. Duwatsun za su iya zama makonni a cikin babbar roba mai tsabta da tsohon ruwansu, muddin famfo yana kaɗawa, har sabon akwati ya kammala. Wane irin kifi ne biyar ɗin?

Nasiru, Hanwa:
Biyu masu ruwan lemo ne da fararen zobba uku a jiki, biyu ƙanana ne shuɗaye, ɗaya kuma babba ne shuɗi mai wutsiya rawaya, faɗinsa kamar tafin hannu. Na yi magana da mai akwatin yadda kuka ce, da farko ya ƙi, ya ce shi duka yake so a kwashe, amma da na nuna masa katakon ya yi shiru. Mun tsaya a naira 380,000 ban da gilashi da kabad. Maiɗakina ta yarda a ajiye shi a ƙaramin ɗakin karatu, ba a falo ba, da sharaɗin in sa wa ƙofar makulli.

Alhaji Tukur, Kaduna:
Babban shuɗin nan yana kaiwa santimita 30 idan ya girma, akwatinka ya yi masa kaɗan, kuma shi ne na farko da ciwon farin ɗigo yake kamawa idan ya sha wahalar hanya. Ka riƙe masu ruwan lemon biyu, sun fi kowa juriya. Babban shuɗin da ƙananan biyun da murjanin duka zan ɗauke su zuwa nawa, in biya mai su kuɗin kifin, murjanin kuma amana ce a hannuna. Idan ka ketare watan Afrilu ruwanka bai haura digiri 28 ba, kuma gwajin amoniya yana nuna sifili, sai in fara dawo maka da masu laushin ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Asabar zan taso bayan sallar asuba, kilomita 80 ne, in Allah ya yarda kafin bakwai da rabi na wuce Kwangila, domin a gama kafin rana ta take. Ka tanadi jarkoki shida sababbi masu lita 25, waɗanda ba a taɓa zuba fetur ko manja ko sabulu a ciki ba, da bokitai huɗu masu murfi, da safar hannu ta roba mai tsawo. Ka gaya wa mai akwatin kada ya ba kifin abinci daga ranar Juma'a da safe, don kada su ɓata ruwan bokiti a hanya.

Injiniya Bashir, Sabon Gari:
Ni kuma zan zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in duba batirinka, in ja maka layi ɗaya daga inbata zuwa ɗakin karatun. Soket ɗin a sama zan sa shi, nesa da inda ruwan gishiri zai iya fantsama. Ka turo mini kwatancen gidan ta waya.